Mai Sandar Waya a Kasuwar Shanu

Wai 'yan unguwar Bolewa na ta yaɗawa an turo mutum kasuwar shanu da sanda mai ido, duk saniyar da ta kalla sai ta rame. Ƙarya ce, jama'a, ni na gan shi! Waya ce ɗaure a kan sanda, mai ita kuma wani siririn saurayi ne, wando ya tsaya a ƙwauri, katin jami'a na lilo a wuya. Wai karatun jarida da zamantakewa yake. Ina jin a gida ko tuwo sai ya yi hira da shi kafin ya ci.

Ga bijimin wani dattijo ya zame wajen hawa tirela, yana kwance yana shure-shure. In ba a yanka shi yanzu ba ya zama mushe, kiwon shekaru ya tafi a banza. Dattijo na ihu, mahauci na neman hanya, gogan kuwa ya tsuguna a tsakiya yana kare farin takalminsa daga kashin shanu.

"Baba, ɗan juyo nan. Yaya kake ji a ranka?"

Tir! Sai da mahaucin ya bangaje shi wuƙa ta kai wuya.

Na ce, "Ɗan boko, a jami'ar taku har da darasin tare hanyar wuƙa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yaya, kai ma ba ƙafar bijimin ka riƙe ba. Anjima in na ɗora bidiyon a intanet, kai ne farkon mai tura wa dangi."