Manzo, Direban Da Dattawa Suka Hana Gaisuwa

Mutanen garinmu, a kan tudun da ke kusa da Ibohamane, manoman hatsi da dawa ne. A shekarun da suka biyo bayan babban fari muna da rijiya, da masallaci, da lakwal mai aji biyu inda nake koyarwa, da ɗan gidan likita. Abin da muka rasa shi ne yadda za mu kai majinyaci babban gidan likita na Keita kafin ciwo ya ci ƙarfinsa. Mai naƙuda a amalanken jaki ake ɗora ta, kuma ba kowace ce ke isa ba.

Sai aka aiko wa gidan likita da mota, bisa sharaɗin a samo mai permi, wato takardar izinin tuƙi, kafin damina ta faɗi. In ba a samu ba, a kai ta wani gari.

Kowa ya dubi Manzo. Ya daɗe yana karen mota a manyan motocin albasa na Tamaske, ya iya tuƙi, ya san kowane dutse da kowane kwari na hanyarmu. Takarda ce kawai ba shi da ita.

Ya tafi Tawa jarrabawa. Komai na tafiya daidai, sai ya hangi wani dattijon yankinmu a bakin titi. Mu a nan ba a wuce babba ba gaisuwa, kuma hannu ɗaya raini ne. Manzo ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu. Mai jarrabawa ya ce ya tsaya ya sauka. Karo na biyu ya riƙe hannunsa, amma ya taka birki a tsakiyar mahaɗa don ya gaida malaminsa na allo. Nan ma aka kayar da shi.

Taubashinsa Mati ya tare shi a tasha yana dariya: "Kai dai permin gaisuwa za a ba ka, ka rataya a wuya."

Surukinsa, Malam Alhusaini, uban matarsa Furera, bai yi dariya ba. Ya tara dattawa bayan sallar la'asar ya ce, "Yaron nan bai faɗi ba, mu muka kayar da shi. Mu muka koya mishi ladabin, mu za mu sauke mishi shi."

Wani direban Tamaske ya ara musu tsohuwar motarsa. Kowace yamma tsofaffi su jera a bakin dandali, Manzo ya zo ya wuce, Mati na gefensa riƙe da karan dawa. Hannu na motsi, kara na sauka. Mata suna leƙe ta kan danga, suna riƙe ciki don dariya.

Karo na uku, hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Malam Alhusaini ya raka shi Tawa, zama ya gagare shi, ya fita yana zagaye da tasbaha, har ya tsinci kansa a kwanar da motar jarrabawa za ta bi. Suruki kuwa, mutum cire takalmi yake ya durƙusa masa. Waɗanda suka gani sun ce gumi ya jiƙa rigar Manzo, amma hannunsa bai bar sitiyari ba. Ya ba da sigina, ya karya kwana, ya wuce.

Ana ce masa ya ci, ya tuɓe takalmi ya koma da gudu ya durƙusa. "Baba, a gafarta mini."

"Tashi, ɗana. Da ka ɗaga hannun nan, da yau Furera gidana za ta kwana."

Motar ta zauna a garinmu. Tun daga lokacin, kowace safiya Manzo na duba ruwa da mai da taya kafin ya sha fura, ya juya kan motar wajen hanyar Keita, ya zauna kusa. Bana, bayan shekaru masu yawa, ido ya yi rauni, ya miƙa makulli da kansa tun ba a ce ya miƙa ba.

Manzo, kai ne mai hannu biyu a kan amana. Kai ne ka faɗi, aka yi maka dariya, ka koma. Matan da ka kai suka haihu lafiya suna gode maka, mu ma muna godiya. Allah ya saka maka da alheri. Samarin da suka faɗi sau ɗaya suka yi zuciya, su zo su zauna kusa da kai su ji.

Ranar da aka yi wa Manzo ban-kwana da aiki na tambayi 'yan ajina me suka sani game da shi. Zalika ta ɗaga hannu. Jikar maigari ce. Tana ƙarama sanƙarau ya kama ta, Manzo ya ɗauke ta ya wuce kakanta a ƙofar fada ko waiwaye bai yi ba.

Ta kira ni yadda suke kiran malamin lakwal, ta ce, "Mushe, bai gaida kakana ba ne don in isa Keita da rai."