Abin da Bukar ya hana Baba Modu

Kafin a kama ni, ina da ƙaramin kemis a unguwar Limanti. Ni da Bukar wurin maigida ɗaya muka koyi sayar da magani a Kasuwar Litinin. Shi ya wuce jami'a ya karanta haɗa magunguna, ni na tsaya. Da ya dawo, ya buɗe shago daura da nawa. Mutanen da suka san mu tun muna yara suka koma ce masa Dokta. Ni kuwa sunana suke kira gatsal. Wuni nake ina kallon masu shiga wurinsa.

Da korona ta zo, labari ya bazu a wayoyi cewa kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, yana kashe ta. Bukar ya ƙi sayarwa sai da takardar likita. Ni na sayar wa kowa. Da maganin ya yi wuya a kasuwa, na sayo wanda wa'adinsa ya ƙare, na kankare kwanan watan. A karon farko layi ya koma ƙofata.

Baba Modu tsohon tela ne mai ciwon zuciya, kuma a wurin Bukar yake karɓar maganinsa shekara da shekaru. Wata safiya ya fito daga can ransa a ɓace, ya tsallako wurina yana tari.

"Ɗana, abokinka ya hana ni kulorokwin. Wai zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Na san da ciwon. Amma na hango Bukar tsaye a ƙofarsa yana kallonmu.

"Baba, boko ne ya yi masa yawa. Ka sha ƙwaya biyu da safe, biyu da yamma, har tarin ya tafi."

Bayan kwana uku ya dawo yana susa. "Jikina duk ƙaiƙayi, ƙirjina kuma yana bugawa yana tsallake."

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ƙaiƙayin kulorokwin, kuma tun muna yara ake ce mana alamar yana aiki ce. Abin da na faɗa masa ke nan. Na ba shi maganin ƙaiƙayi, na ce ya ci gaba. Maganar ƙirjin ban tanka ba.

Washegari ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Bai kai asibiti da rai ba.

A kotu wata likita ta yi bayani dalla-dalla. Kulorokwin yana daɗewa a jiki yana taruwa. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa tazara kaɗan ce. Yana rikita bugun zuciya, musamman ga mai ciwonta. Kuma ba a tabbatar yana warkar da korona ba. Bukar ya ba da shaida a natse. Ko a ranar, farar rigarsa ta masu haɗa magani nake harara.

Sai a gidan yari na yarda cewa ba Bukar ne ya hana ni karatu ba.

Da na fito, na je neman gafarar Falmata, 'yar Baba Modu. Ta ce ta yafe don Allah. Sannan ta ce, "Har safiyar da ya rasu yana sa maka albarka. Ya ce kai ne mai tausayi, Bukar ne mai taurin kai."

Matasa, kada ku sha magani don an turo muku sunansa a waya, kada ku ba wani. Ƙaiƙayi ba shaidar waraka ba ce. In mai ilimin abu ya ce a'a, ku tambaye shi dalili. Tsakanin shagona da na Bukar titi ɗaya ne. Hassada ce ta hana ni tsallakawa, Baba Modu ya mutu.