Ranar da Direbobin Tirela Suka Gyara Mini Taswira

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, na ɗauko wa kaina aikin da ya kusa ƙara mini shekara. Aikin kammala digirina a kan tireloli masu aiki da lantarki ne. Maimakon direba ya ɓata rabin yini yana jiran caji, sai ya shiga wata tasha a sauke masa batirin da ya ƙare, a ɗora masa cikakke, ya wuce Legas da kayansa. A takarda kam, gani nake na gama da matsalar sufuri a ƙasar nan.

Malamin da ke duba aikin ya karanta, ya turo mini abina. Ya ce, "Kin tambayi direba ko ɗaya? Ba zan sa hannu ba sai na ji ta bakin masu tuƙin." Saura mako biyu a rufe karɓa. In bai sa hannu ba, sai baɗi.

Ban damu ba, tunda mahaifina direban tirela ne tun kafin a haife ni. Ranar Asabar ya tara mini abokan aikinsa a garejinsu na Sabon Gari, ya koma gefe baki har kunne, 'yarsa injiniya. Na baje taswirar tashoshin a kan benci, na dinga zuba musu Turanci kamar su za su ba ni maki.

Wani dattijo ya katse ni. "Tsaya, 'yata. Wato in ba da batirina, in karɓi na wani da ban san irin wahalar da ya ba shi ba?"

Aka kwashe da dariya. Ya ja ni wajen motarsa ya nuna mini nasa, an rubuta sunansa da jan fenti, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Ashe kowa haka yake yi, har Baba. A wurinsu babu cutar da ta kai a musanya maka batir a wajen masu caji, ni kuma ita na kawo musu da sunan ci gaba. Na saci kallon Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Kunya ta rufe ni.

Matar da ke sayar musu da abinci ce ta cece ni. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Alhaji, lemon da ka sha yanzu, da kwalbarka ka zo daga gida? Fanko nake mayar wa kamfani su ba ni cikakku. Abin ciki ake saya."

Dattijon ya juyo gare ni. Ya ce, "Ke nan batirin na kamfani ne? In ya lalace su ta shafa?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To me ya hana ki faɗi haka tun ɗazu?"

Daga nan suka ƙwace taswirar. Ni da rula na jera tashoshina, tsakaninsu daidai wa daida. Suka soke kusan duka da biro. Wannan ya ce nan daji ne, wa zai tsaya? Wancan ya ce a matso da ita inda akwai masallaci da mai tuwo. Baba ya fi kowa ɗaga murya, wai lallai a sa ɗaya kafin wani hawa da ke gigita mota in ta yi lodi.

Malamina ya daɗe yana kallon taswirar, duk maiƙon manja a jikinta. Ya tambayi wanda ya zaɓi wuraren, na ce mahaifina da abokansa. Ya sa hannu.

Ina fitowa na kira Baba, sun tsaya hutawa a hanyar Legas. Ko gaisuwata bai jira ba. "Yaya? Mun ci?"

Na ce, "Mun ci, Baba." Sai na ji ya danna hon, mutane suna ta shewa a bayansa.

Har yau ban ga tirela mai lantarki a garejinsu ba, Baba ma ya ajiye tuƙi. Amma tun daga ranar ban sake zana wa mutane abu ba sai na fara jin ta bakinsu. Sunana ne kaɗai a jikin digirin, kuma gaskiya har gobe hakan yana ɗan ba ni kunya.