Gwaggo Saude, Mai Shunin Rufin Asiri

"Ba zan jera su ba, Alhaji."

Haka Gwaggo Saude ta faɗa, ko murya ba ta ɗaga ba, hannayenta biyu na cikin tukunyar rini. Alhaji Isiyaku mai injin casar shinkafa yana tsaye a bakin ƙofar shagonta. Shi ne ya ba ta aron shagon shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma a ganinsa abin da ya zo nema bai taka kara ya karya ba. Ranar jajibirin ƙaramar sallah yake so a tara matan da ke samun sutura a shagon, kowacce ta rungumi ƙunshinta, shi ya tsaya a tsakiya, a ɗauki hoto a watsa a waya.

"Yaya Saude, hoto ne fa kawai. Minti biyar. Zan sake miki rufin kwano, har fanka zan sa miki."

"Allah ya saka da alheri. Ni ka ɗauke ni, ga ni nan har da giɓina. Ka ɗauki tukwanen, ka ɗauki igiyar shanya. Matan nan dai ba zan jera su ba."

"To, ai shagon nawa ne."

"Naka ne, ranka ya daɗe. Fuskokin kuma nasu ne."

Alhaji ya gyara hularsa, ya ce bayan sallah ta aika masa da makullinsa. Ta ce to, ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta.

Kafin a ji yadda aka ƙare, bari wanda bai san matar nan ba ya san ta.

A garinmu, nan kan hanyar Kura zuwa Bunkure, Gwaggo Saude tana rigan masu noman rani fita. Daga sallar asuba sai shara, sai hura wuta a ƙarƙashin tukunya. Lokacin da manoma ke buɗe ruwan kanal zuwa gonakin tumatir, ita ta riga ta cika igiya biyu da shanya. Daga nan sai ta zauna da reza tana farke ɗinki. Kayan da take aiki a kansu suturar mutanen da suka rasu ce. In an gama rabon gado, iyali sukan ware tufafin mamaci su ba da sadaka. Dā can maƙwabciya mai ƙaramin ƙarfi ake miƙa wa, ta sa ta fita, gari duka ya san zanen wa ta ɗaura da dalilin da ya sa aka ba ta. Yanzu shagon Gwaggo ake kawowa.

Tana da shekara arba'in da biyar mijinta Malam Yusuf ya rasu. Aka raba gonar shinkafa, 'ya'ya kowa ya koma inda yake aure ko aiki. Ta gama takaba amma ta ƙi fita. Wata huɗu tana ɗaki, ga rigunan Malam a ninke a kan gado, kullum ta warware su ta sake ninkewa. Sai wata rana aminiyarta Murja, 'yar gidan marina ce daga Kura, ta ɗaga labule ba sallama.

"Ƙawalli, wai Yusufu ne ya mutu ko ke? In ke ce ki faɗa mini, in je in daka gumba a yi miki sadakar uku."

Saude ta ɗauki mafici ta jefe ta, sai kuma dariya ta ƙwace mata, irin wadda take zuwa da hawaye. A ranar suka kwashe rigunan Malam suka fito da su rana. Da su aka buɗe shagon.

Shekarar farko sun yi kuskuren da har yau Gwaggo ba ta yafe wa kanta ba. Wankewa kawai suke yi su goge su bayar. Wata baiwar Allah ta karɓi koriyar atamfa ta sa ta tafi gidan suna. Ana cikin rabon tuwo sai 'yar marigayiyar ta hango ta, ta ƙwalla ƙara, "Wayyo, zanen Innata!" Ta ruga ta rungume matar tana kuka, ba da mugun nufi ba, kewa ce kawai. Amma ido duka ya koma kan mutum ɗaya. Matar ta ajiye kwanonta ta fita, shekara guda ba a ƙara ganinta a taro ba.

Washegari Murja ta hau mota ta tafi Kura, ta dawo da tsohuwar tukunyar mahaifinta da ƙullin shuni. Daga ranar babu abin da ya ƙara fita daga shagon da kamanninsa na dā. A farke shi, a tsoma a shuni har sai zanen atamfar ya nutse, a sake yanka, a sake ɗinki. Zane ya koma riga, babbar riga ta haifi kaftanin yara uku. Ranar da suka fara buɗe tukunyar, Murja ta cire hannunta yana ɗigar shuni ta manna tafinta a bango kusa da ƙofa.

"Ga allon shagonmu nan," in ji ta. "Wanda bai iya karatu ba ma zai gane."

Kyauta kuma babu. Gwaggo ta ce wanda aka ba kyauta kansa a sunkuye yake fita. Don haka kowa da abin da yake da shi yake zuwa, ɗan kwandon tumatir, ɗaurin albasa, tsakin shinkafa, ƙwai biyu. Abin da aka tara kafin azahar yana gidajen tsofaffin da ba sa iya fita. Ita kuwa wadda ta karɓi suturar, duk wanda ya tambaye ta sai ta ɗaga kai ta ce, "Saye na yi." Kuma gaskiya ta faɗa.

Gwaggo ba ta taɓa faɗa wa kowa sunan mai saye ba, ni ma ba zan faɗa ba, sai na mutum biyu. Ta farko Adama ce, Bafulatana mai tallan nono daga rugar bayan kanal, wadda ta ce in ban sa sunanta da manyan baƙi ba kada in ƙara shan furarta. Cinikinsu da Gwaggo abin kallo ne.

"Gwaggo, mayafin nan ƙwarya ɗaya."

"Ƙwarya ɗaya ta nonon da rabinsa ruwan kanal ne? Jiya har ƙaramin kifi na gani a ciki."

"Kai, Kaɗo da sharri! To kifin ai gyara na yi miki."

Ta biyu ni ce. Da doguwar riga mai ruwan shuni na tsaya gaban malamai na kare aikina na ƙarshe a jami'a, har wata 'yar birni ta tambaye ni sunan telana. Kwandon tattasai mahaifiyata ta kai aka ba ta rigar. Na faɗa da bakina domin na ga dama, kuma da a ce wani ne ya tsayar da ni a layi ya ɗauka, da ba haka zancen zai zauna mini ba.

Shekara uku da suka wuce Murja ta kwanta ciwo kwana shida, Allah ya karɓi abarsa. Bayan rabon gado 'ya'yanta suka ɗauro kayanta suka kawo shago, kamar yadda ta yi wasiyya. Waɗanda suka gani sun ce Gwaggo ta ajiye ƙunshin a kan benci har kwana arba'in ba ta kwance ba. Akwai wani jan zane mai hoton tsuntsaye da Murja ke ɗaurawa kowace ranar kasuwa. 'Ya'yan suka ce ta riƙe wannan ɗin ko don tunawa. Ta rungume shi ta daɗe, sannan ta ce, "In na ɓoye shi a akwati, ranar da muka haɗu sai ta ja mini kunne." Da hannunta ta tsoma shi a tukunya.

Duniya duka ba mai iya gane zanen nan yanzu sai ita, domin akwai inda garwashi ya taɓa ƙona shi ta yi masa ƙaramin faci. Wani lokaci a kasuwar Bunkure takan hango shi a jikin wata tana ta ciniki da 'yan gwari. Sai ka ga Gwaggo ta yi murmushi ita kaɗai, ta ce ƙasa-ƙasa, "Murja, an fito kasuwa ke nan? Har yanzu ba a rage baki ba." Ta wuce abinta.

Wannan ce matar da aka ce ta jera mutane a gaban kyamara.

Kwana uku bayan sallah aka sa ranar kwashe kaya zuwa zauren gidanta. Sai wata matsala ta taso. Matan da ke saye a wurinta suna son taya ta, amma duk wadda aka gani da tukunya a ka ta nuna kanta ke nan. Malama Nana Aisha, shugabar makarantar firamare, ita ta warware. Ta bi gida-gida ta ce ranar kowace mace za ta fito, kuma kowacce da shuni a jikinta. Wadda ba ta da shi ta ara.

A ranar, da hantsi, garin ya zama baƙi-shuɗi daga bakin titi har gindin tsamiya. Ga matar liman, ga ma'aikaciyar asibiti, ga dillalan shinkafa masu zoben zinare, ga masu tsintar tumatir a gonar wasu, duk mayafi iri ɗaya. Mai ɗauke da tukunya, mai riƙe da igiya, wata ma muciya kawai ta samu ta ɗaga ta sama kamar tuta. Adama na gaba tana rangaɗa guɗa. Har Hajiya Halimatu Sa'adiyya, yayar Alhaji Isiyaku uwa ɗaya uba ɗaya, ta fito da ƙullin tsumma a ka, da ta zo daidai injin ƙanin nata ta tsaya ta ce, "Isiyaku, ga layin da kake nema. Ɗauki mana!"

An kuwa ɗauka. Hoton ya zaga wayoyi har Kano. Mata sun fi ɗari biyu a cikinsa, kuma babu mahalukin da zai iya sa yatsa ya ce wannan ce mai bayarwa, waccan ce mai karɓa.

Gwaggo, ke ce kika mayar da kayan makoki suka zama kayan sallah. Ke ce mai baƙin hannu da farar aniya, Saude ta Yusufu, aminiyar Murja. Kin san sirrin rabin garin nan, kuma ko a faɗa ba ki taɓa gorantawa kowa ba. Mun gode. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana, ya ji ƙan Malam da Murja. Ku kuma masu bayarwa, na nan da na nesa, ku leƙa zauren nan ku ga yadda ake yi, sannan ku ajiye waya a aljihu kafin ku miƙa hannu.

Kada kuma wani ya ɗauka a banza ta sha. Zauren ƙarami ne, yana yoyo da damina, hayaƙin murhu ya fara taɓa mata ido. Keken ɗinkin da take aiki da shi a shago na Alhaji ne, ya tafi tare da makulli, don haka a shekara hamsin da shida da allura da zare take ɗinki, abin da take gamawa a yini yanzu sai ya ci mata kwana huɗu. Alhaji, wanda abokin mijinta ne tun suna samari, ba ya amsa gaisuwarta. Shagon kuma an ba mai sayar da takin zamani, ya shafe bangon da farin fenti. Tafin hannun Murja, wanda Gwaggo ke shafawa kowace safiya kafin ta hura wuta, yana ƙarƙashin fentin nan, ba za ta ƙara ganinsa ba.

Na tambaye ta ko ta san haka za a yi tun ranar da ta ce a'a.

"Na sani mana," in ji ta. "Miƙo mini rezar nan."