Dutsen Guga Mai Lamba Tara

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa da yawa daga kai, amma abin da ya faru a wani taron tsofaffin ɗalibai da aka gayyace ni, ban ga ranar da zan manta shi ba. Zan faɗe shi bi da bi yadda ya faru, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Da farko, shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin fota a jami'a a nan Jos, wato ni ne mai tsaron ƙofar ginin da ɗalibai maza ke kwana. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da rubutu mai tsabta, kuma na iya riƙe ƙa'ida. Ɗalibai suka sa min suna Baba Doka. Su a ganinsu tsokana ce. Ni ban ga abin tsokana a ciki ba.

Babbar dokar gidan ita ce ba a shiga da kayan wuta, saboda gobara. Hita, risho na lantarki, dutsen guga, duk wanda na kama sai in karɓe. Ina da littafi mai layi biyar: lamba, suna, kaya, ɗaki, sa hannu. Mai kaya zai karɓi abinsa ranar da zai bar makaranta, shi da kansa, ya sa hannu a gabana. Da yawa ba su dawo ba. Ranar da na yi ritaya aka ce in zubar da sauran. Na ce littafi bai ce a zubar ba. Na loda su a akwatin ƙarfe na kai gidana a Anguwan Rogo. Maiɗakina ta yi shekaru tana tuntuɓe da akwatin nan, kullum tana tambayata ko masu shi sun kusa zuwa.

Ana nan sai 'yan wani aji suka shirya taron cika shekara ashirin da biyar da gama karatu. Ciyaman ɗin kwamitinsu ya zo har gida. Na san shi tun yana siriri kamar kara, yanzu ya zama babban ɗan kwangila, sai da ya karkace kafin ya shiga zaurena. Ya ga akwatin, na yi masa bayani, ya yi dariya har da hawaye. Nan take ya ba ni aiki biyu. Na ɗaya, in tsaya a ƙofar zauren taro kamar da. Na biyu, ranar Asabar kafin cin abinci, in mayar wa 'yan ajinsu kayansu a gaban kowa, don a yi nishaɗi.

Ya miƙo min takardar sunayen waɗanda suka gama a shekarar, ya ce, “Baba, ka san mutanen garin nan in suka ji ƙamshin shinkafa. Wanda ba ya cikin takardar nan, ko wane ne shi, kada ya shiga.”

Na ce, “Ko wane ne?”

Ya ce, “Ko wane ne.”

Na ware kayan da na karɓe a zamaninsu, guda goma sha huɗu, na jera su daga ɗaya zuwa sha huɗu.

Ranar Juma'a bayan masallaci na hau keke zuwa harabar jami'ar a Naraguta, na kafa teburina a bakin ƙofa. Kowa ya zo sai ya faɗi sunansa, in duba, in ba shi baji da riga da hula. Likitoci, lauyoyi, manyan ma'aikata, wasu daga Legas, wasu daga ƙasashen waje suna rawar sanyin da suka manta da shi. Wani farfesa ya so ya tsallake layi, na mayar da shi baya. Ya juya ya gaya wa matarsa cewa ban canza ba ko kaɗan. Na gode masa.

Wajen la'asar, layi ya ƙare, sai wani mutum ya matso. A ƙafa ya shigo daga bakin titi. Rigarsa ba mai tsada ba ce, amma tun da nake ban taɓa ganin karin guga irin nata ba.

Ya ce, “Baba, ina wuni. Ka gane ni?”

Na ce, “Suna.”

Ya faɗa. Na bi takarda daga sama zuwa ƙasa, na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Na ce masa ba ya ciki.

Ya ce, “Na sani. Tare muka shiga da su, amma ban gama ba. A shekara ta biyu na bari.”

Na ce taron na waɗanda suka gama ne.

Ya ce, “Ba abinci ya kawo ni ba, Baba. Na ji gobe za a ɗauki hoton aji. Shi kaɗai nake so. Ba ni da ko takarda ɗaya da ta nuna na taɓa zama a nan. In na ce wa 'ya'yana na yi jami'a, sai su kalli juna.”

Na ce ya kira ɗaya daga cikin abokansa ya yi masa magana. Ya girgiza kai. Ya ce shagonsa na wanki da guga yana Gada Biyu, wasunsu suna wucewa ta gabansa a mota, shi ke kau da kai. Ba zai dawo musu bayan shekaru masu yawa ya fara da roƙo ba.

Har ya juya zai tafi, sai ya ce, “Ɗaki na arba'in da biyu nake. Kai ka karɓe min dutsen guga.”

Na ce, “Doka ce.”

Ya ce, “Doka ce kuwa.”

Ban saba tambayar abin da ba ya cikin littafi ba, amma na tambaye shi me ya fitar da shi daga makaranta. Ya amsa ba fushi a muryarsa, kamar mai faɗin hanyar tasha. Ya ce ba shi da mai ɗaukar nauyinsa a lokacin. Da dutsen nan yake goge wa ɗalibai kaya, da abin da suka ba shi yake ci, yake sayen takardu. Da dutsen ya tafi, ya lallaɓa zuwa ƙarshen zango, ya koma gida bai dawo ba.

Na ce, “Ba sai ka nemi wani ba?”

Ya ce, “Ko na samu wani, kai ne a ƙofa.”

Na ce, “Me ya sa ba ka gaya min ba?”

Ya ce, “Na buɗe baki. Ka ce ba a magana bayan ka rubuta.”

Wannan gaskiya ne. Haka nake cewa. Ni na ƙirƙiro maganar, kuma a da ina alfahari da ita.

Da na koma gida bayan magariba na buɗe akwatin. Lamba tara: dutsen guga, ɗaki na arba'in da biyu. Wayarsa tana nan a naɗe yadda na naɗe ta da hannuna. Wurin sa hannu babu komai. Maiɗakina ta shigo ta ce, “Malam, lafiya kake kallon dutsen guga kamar an aiko maka da sammaci?” Na ce lafiya. Ban ci tuwon kirki ba.

Asabar da safe na tari ciyaman. Waya a kunnen dama, wata a hannun hagu. Na ce akwai ɗan ajinsu da bai gama ba, yana so ya shiga. Bai ko tambayi sunansa ba. Ya ce, “Baba, in muka buɗe wa ɗaya mun buɗe wa gari. Bi takarda kawai.” Na ce to, zan bi takarda.

Abu na farko a jadawalin ranar shi ne ƙwallo tsakanin tsofaffi da ɗaliban yanzu. Minti goma sha biyu aka yi. An fitar da mutum biyu a kafaɗa, mai tsaron gida ya nemi a kawo masa kujera. An ci sa'a likitoci sun yi yawa a wurin. Abu na biyu zagayen ɗakunan kwana, inda kowa ya rantse ɗakinsa ya fi haka girma a da. Ɗakunan ba su ragu ba. Ni na san abin da ya ƙaru.

A bakin filin ƙwallo na hango mutumin jiya a bayan shingen waya, yana kallo shi kaɗai. Na je na ce masa, “Ƙarfe biyu ka zauna a bencin bakin zaure. Kada ka tashi.” Ya ce don me. Na ce ba a tambayata.

Ƙarfe biyu aka cika zaure. Jadawali ya ce: jawabai, mayar da kaya, hoto, abinci. Jawabai suka ci lokacinsu suka ci na wasu. An jera manyan kuloli a gefe, ƙamshin shinkafa da soyayyen dankalin turawa ya cika wurin, mutanen da suka buga ƙwallo da safe sai waiwaye suke yi. Na bar wani mai gadi a ƙofa da takardar sunaye, na hau dandamali da akwatina da littafina.

Na kira lamba ɗaya, hita. Wani babban likita ya taso ana ta tafi, ya sa hannu. Lamba biyu, risho. Lamba uku, wata hitar da aka haɗa da cokula biyu da katako, mai ita yanzu injiniya ne, na ce masa ban yi mamaki ba. Haka muka tafi ana dariya har takwas.

Na ce, “Lamba tara. Dutsen guga. Ɗaki na arba'in da biyu.” Na kira sunan.

Ba wanda ya taso. Na sake kira. Na kira na uku.

Ciyaman ya matso ya ce, “Baba, ba ya nan. Wuce goma.”

Na ce, “Ba a tsallake lamba.”

Aka yi dariya, an ɗauka cikin wasan ne. Na rufe littafi, na haɗa hannuwana a baya, na tsaya. Na yi shekara talatin da ɗaya ina tsayuwa, ba ta yi min wuya. Dariya ta fara raguwa. Mai hoto ya sauke kyamararsa. Wata hajiya a gaba ta ce, “Baba, don Allah, muna da masu suga a nan.”

Ciyaman ya rage murya ya ce, “To ba ni, zan ajiye masa.”

Na ce, “Mai kaya ke karɓa da kansa, ya sa hannu a gabana.”

“To ina za mu same shi yanzu?”

“Yana waje a kan benci.”

“A shigo da shi mana.”

“Ba ya cikin takarda. Kai ka ce ko wane ne.”

Ya dube ni, ya dubi kulolin, ya dubi zaure. Ya ce a rubuta shi. Na sa aka kawo takardar daga ƙofa, na miƙa masa biro na ce ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu a gefe. Ya rubuta. Na duba, na ce saura baji da riga da hula, don duk wanda ke cikin takarda yana da su. Aka kawo.

Mutumin ya shigo yana tafiya a hankali ta tsakiyar zaure, rigar taron a hannunsa. Bai kai rabi ba wani mai furfura a layin gaba ya miƙe tsaye. Babban alƙali ne, tun jiya ake ta rusuna masa. Ya ce, “Arba'in da biyu? Kai ne?” Ya juya ga jama'a ya ce, “Riga ɗaya gare ni a shekarar farko. Mutumin nan ke goge min ita kullum, kuma bai taɓa karɓar komai a hannuna ba. A shekara ta biyu aka dawo hutu na tarar da gadonsa ba kowa.” Ya tafi ya rungume shi, hularsa ta faɗi. Daga nan kujeru suka fara motsi. Wannan ya tuna wandonsa, wancan ya tuna rigar da ya sa ranar da ya fara yi wa matarsa magana. Matar tana wurin, ta ce karin gugar ta duba, ba shi ba.

Na bari suka lafa, sannan na ce har yanzu muna lamba tara.

Mutumin ya hau dandamali. Na miƙa masa dutsen da hannu biyu. Ya juya shi, ya shafa gindinsa da tafin hannu yadda masu sana'a ke yi, ya ce, “Baba, ka riƙe shi da kyau. Ko tsatsa babu.” Ya sa hannu. Na kashe makirfo, don abin da zan faɗa ba na zaure ba ne. Na ce, “Dutsen na karɓa bisa doka. Amma hana ka magana ba ya cikin doka, nawa ne. Ka yafe min.”

Ya ce, “Na yafe, Baba. Kira goma, mutane na jin yunwa.”

Na kira goma.

Aka ɗauki hoto a matakalar tsohon gininmu. Ya tsaya a layi na biyu kusa da alƙali, da rigar taro da baji, dutsen guga a ƙirjinsa. Mai hoto ya ce ya ajiye shi. Ya ƙi. Ranar Lahadi, bayan masu zuwa coci sun dawo, aka yi addu'ar rufewa aka watse. Bayan mako biyu na bi ta Gada Biyu da gangan. Hoton yana rataye a shagonsa, daidai inda duk mai kawo wanki zai gani, dutsen kuma yana kan kanta a ƙarƙashinsa. Ya ce babbar 'yarsa ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye shi wane fanni ya karanta. Shekara da shekaru ba ta taɓa tambaya ba.

Har yau ban ce dokar ba ta da kyau ba. Ba a taɓa gobara a ginina ba, kuma da za a mayar da ni zan sake karɓe dutsen. Amma da na tsaya na ji maganarsa ta minti ɗaya, da na ajiye dutsen a ɗakin fota, ya riƙa zuwa yana guga a gabana inda ba abin da zai kama. Akwai soket a ɗakin, akwai tebur. Ban yi ba, saboda littafina layi biyar ne, kuma babu inda aka bar wurin jin abin da ya sa mutum ya yi abin da ya yi. Da na koma gida bayan taron na ɗauki rula na ja layi na shida, na rubuta “Dalili” a samansa. Ba ni da sauran wanda zan karɓe wa kaya. Amma abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda aka ba tsaron wata ƙofa: kafin ka rubuta, ka bar mutum ya gama maganarsa.