Motata Tana Kan Turame Ranar da Aka Kira Ni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Isuhu mai faci ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina durƙushe a gaban rumfarsa, hannuwana dumu-dumu da baƙin mai, ina kokawa da tayar da shi da kansa ya zaɓa mini.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ku yi haƙuri da ni in maganar ta zo muku a hargitse.

Duk wanda ya saba shiga tashar Dakoro ya san shi. Dogon tsohon nan mai furfura a gemu, wanda rumfarsa ke bayan teburin Ilu mai shayi. Shi ne ba ya yarda ya bar mota a kan jak. In zai cire taya, sai ya mirgino tsofaffin turamen da mata suka yar, ya kife su, ya ɗora motar a kai. Wai turmin da ya sha dakan gero shekara da shekaru ba mota ce za ta ba shi tsoro ba.

Ni kuwa, ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Habu mai kat-kat ɗin nan, motar shiga daji mai buɗaɗɗen baya. Awaki, buhunan gero, 'yan kasuwa, duk ina ɗauka zuwa kasuwannin daji. In wani ya kwanta ciwo a rugar da ƙaramar mota ba ta shiga, lambata mutane ke nema.

Ba ubana ba ne, ba mu haɗa jini ba. Amma tun ranar da na sayi motar nan, ba wanda ya taɓa tayoyinta sai shi.

Ranar farko da faɗa muka fara. Na zo ina hura hanci, na ce taya nake so mai manyan haƙora, irin ta motocin proje, na ƙungiyoyin agaji. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, laka ka gani a garin nan? Rairayi gare mu da ƙaya. Wagga da kake so haƙa za ta yi ta yi har mota ta zauna bisa cikinta."

Na ce ai mota tawa ce.

Ya ce, "Taka ce. Amma matar da za ka ɗauko tana naƙuda ba taka ba ce."

Na bar masa zaɓin.

Shi ya koya mini taya mai matsakaicin zane, wadda za ta bi rairayi ta bi tsakuwa, mai kaurin gefe saboda ƙayar daji. In an kawo sabuwa daga Maradi, ba ya kallon ƙyallinta. Sai ya danna farce a gefenta, ya nemi shekarar da aka yi ta, ya karkata ta wajen haske yana neman tsaga. Ya sha mayar da taya fil a leda, ya ce rana ta riga ta cinye ta a shago.

Ina da saurin fushi, kowa ya sani. Shi ya laƙaba mini Alhaji Sauri, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Kullum da safe kafin in tashi, sai ya zagaya motar da wata lanƙwasasshiyar ƙusa a hannu, yana ƙwaƙulo tsakuwa da ƙaya daga zanen tayoyin. Ina kan kujera ina danna ham, shi ko a jikinsa. In ya gama ya auna iska tun taya na da sanyi, sannan ya bugi bayan motar da tafin hannu. Wannan bugun shi ne izinina na tafiya.

Safayata ma, tayar ajiya, shi ya ɗinka mata riga da tsohon buhu, wai kar rana ta gasa ta.

Abin da ya fi nanata mini shi ne iska. "Inda jar hanya ta ƙare, tsaya ka rage. Taya mai tauri nutsewa take cikin rairayi, mai laushi shimfiɗuwa take." Rairayin arewa kuwa tun bakin gari yake farawa, don haka in na dawo, kullum a wajensa nake mayar da iskar da na rage. Ya san kukan motata. Kafin in gama kwana in shigo tasha, ya riga ya ja igiyar injinsa na iska, yana tsaye da tiyo a hannu yana mita wai na yi lodi fiye da kima.

Shekaranjiya ne ganina da shi na ƙarshe.

Sababbin tayoyi sun iso, guda huɗu, shi ya zaɓe su. Da ya cire tsofaffin, sai ya ga ruwan damina ya sa tsatsa ta kama janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai ɗora sabuwar taya a kan tsatsa ba, sai ya kankare ya shafa fenti ya bushe.

Na ce, "Haba Baba! Yi bibbiyu mana, ka bar mini mota da ƙafa."

Ya ce, "Alhaji Sauri, kasuwarka sai gata. Ina za ka? Bari in yi aikin gaba ɗaya in huta da bakinka."

Haka ya kife turamensa ya ɗora motar, ya kwashe ƙafafun duka. Ya jera jantunan a rana, baƙaƙe wuluk da sabon fenti. Da la'asar ya shigar da komai cikin shago ya datse da kwaɗo. Washegari sunan jikansa ne, ɗan ɗiyarsa da ke aure a wani ƙauye kan hanyar Azagor. Matarsa Inna Rabi ta riga ta tafi tun kwanan baya.

Yana kan moto, wato babur, a bayan mai kabu-kabu ya juyo ya ce, "Kar ka taɓa min su. Jibi da hantsi ka zo ka ga aiki."

Na ce Allah ya raya yaro. Ya ɗaga hannu. Shi ke nan.

Yau, ina fitowa daga sallar asuba, salulata ta yi ƙara. Inna Rabi ce, muryarta na yankewa saboda ƙarancin rezo, wato sabis na waya.

"Habu, ka zo da mota. Babanka ba lahiya. Ƙirjinshi ne, ko zama bisa moto ba ya iyawa."

Na ce, "Gani nan, Inna, yanzu-yanzu."

Wallahi sai da na kashe wayar na tuna.

Ban san yadda na isa tasha ba. Ga motata nan a kan turame, ba taya ko ɗaya. Na tsaya ina kallonta kamar yau na fara ganinta.

Na kira duk mai kat-kat da na sani. Sun yi sammako zuwa kasuwar Sabon Maci, wasu wayar ma ba ta shiga. Na kira gidan likita, aka ce motarsu ta fita ɗauko wata mai haihuwa a wani gefen, kuma gaskiya ne, ba laifin kowa ba ne. Wani bawan Allah mai ƙaramar mota ya ce in ɗauki tasa. Ni da shi duka mun san ba za ta wuce tudun rairayi na farko ba.

Ilu mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta, ya ɗauko taɓaryar ƙarfe muka ɓalle kwaɗon shagon. Wani ya hau moto ya ɗauko Lawali, mai facin da ke can ƙofar kudu. Ya zo ko fuska bai wanke ba.

Muka fara ɗora tayoyin. Sabuwar taya mai kaurin gefe, wadda muke yabo, yau ita ta zame mana bala'i. Tauri kamar me. Mutum uku muna danne ta da ƙafa da ƙarfe kafin ta hau.

Sai injin iska ya ƙi tashi.

Na ja igiyar nan har fatar hannuna ta saluɓe. Lawali ya ja. Ilu ya ja. Injin ya yi tari ya yi shiru. Akwai wani abu da Baba ke taɓawa a gefensa kafin ya ja, na sha ganin hannunsa a wurin, ban taɓa tambaya ba. Mai tambayar me, alhali kullum yana nan?

Muka koma famfon ƙafa. Ku da kuka san girman tayar kat-kat, kun san abin da nake nufi. In wannan ya gaji wancan ya hau. Masu lodi, mahauta, har da wani Buzu da ya zo sayen shayi, kowa ya taka. Sai huci ake ta yi.

Ina ta zagin tayar, ina zagin injin, ina zagin fentin. Allah ya yafe mini, har shi na yi wa faɗa a raina. Tsohon nan, wa ya aike ka ka cire duka?

Biyu sun hau mota, ta uku tana hannuna, wayar ta sake ƙara. Inna Rabi ce.

"Habu, bar sauri. Ya cika."

Ashe da suka ga shiru, sun shimfiɗa masa tabarma a amalanken shanu sun kamo hanya, ko za mu haɗu a tsakiya. Ko gonakin ƙauyen ba su gama wucewa ba.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba a lokacin.

Lawali ne ya karɓi ƙarfen daga hannuna. Hawaye na zuba a gemunsa ya ce, "Tashi mu ƙarasa. Akwai masu zuwa jana'iza."

Muka ƙarasa. Muka sauke ta daga turamen. Mutanen tasha suka cika baya maƙil, ba wanda ya bugi bayan motar, na tashi haka nan.

Inda jar hanya ta ƙare na tsaya. Wani daga baya ya ce, "Habu, mu tahi mana, za a rufe shi." Na ce a yi haƙuri. Na sauka na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya na rage musu iska, yadda ya koya mini. A nan ne kukan ya zo.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Motar nan ba ta taɓa tafiya irin ta yau ba. Da lodin mutane, da rairayi, da wurin da ruwa ya kwanta, ko sau ɗaya ba ta yi alamar kafewa ba. Tayoyin da ya zaɓa sun yi duk abin da ya ce za su yi.

Muka tarar an dawo daga maƙabarta, maza na wanke hannu a bakin rijiya. Da zafin nan ba za su iya jiranmu ba, kuma sun yi daidai. Rumfar da aka kafa jiya don suna, ita aka zauna a ciki ana karɓar gaisuwa.

Na shiga wajen Inna Rabi na durƙusa. Na buɗe baki in ba ta haƙuri.

Ita ta riga ni. Ta ce, "Ɗana, kar ka ɗora wa kanka. Da na ce mishi na kira ka, murmushi ya yi. Ya ce, Habu ba shi da ƙafa, ni na cire mishi. Ki ce mishi kar shi tada hankalinshi."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini makullin shagon. A aljihunsa aka same shi. Ban iya gaya mata mun riga mun ɓalle kwaɗon ba, na karɓa kawai.

Yana kwance a amalanke, numfashi na yi masa wuya, kuma ya san sarai motar ba za ta zo ba. Duk da haka ni yake tunani.

Kafin magariba muka dawo Dakoro. Na sauke mutane, ban ankara ba sai ga ni na yi kwana na tsaya a gaban rumfarsa, inda na saba tsayawa. Na kashe mota ina jira in ji injin ya tashi.

Ilu yana kallona daga teburinsa, ya kau da kai.

Tana nan har yanzu a wurin, tayoyin sun yi laushi yadda na rage su. Lawali ya ce zai zo da injinsa gobe, Allah ya saka masa da alheri. Na ce to. Amma yau dai na kasa barin kowa ya taɓa su.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa. Duk marar lafiyar da ya isa gidan likita a kan tayar da ya gyara, duk matafiyin da ya koma gida lafiya, ka sa a mizaninsa. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ka raya jaririn da ya je wa suna.

Ku da kuka karanta, kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah kar ku wuce haka nan. Ku yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ku karanta masa. Ni ban isa gare shi da mota ba, ku taya ni mu isa da wannan.

Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.