Goggo Ɗigo Ta Ajiye Alli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye gaban allo, babbar 'yarki ta kira ni. Ta ce, "Yaya, Mama ta cika." Na sallami ajin, na zauna a kujerar ɗalibai har aka zo aka tashe ni.

Malama, shekara talatin da ɗaya kika yi kina koyar da lissafi a sashenmu. A bayan idonki ɗalibai na kiranki Goggo Ɗigo. Kin san da sunan, ba ki taɓa hana shi ba.

Ranar da na fara shiga ajinki, kin cika allo da ɗigo-ɗigo, kika haɗa su da layuka. Kika ce mu ɗauka mahaɗun tituna ne. Masu gadi nawa ne mafi ƙaranci da za a ajiye, ta yadda kowace mahaɗa ko tana da mai gadi, ko tana maƙwabtaka da mai shi? Da muka samo amsa muna ta murna, sai kika ce, "To idan shi ma mai gadin dole ne a samu wani mai gadi kusa da shi fa? Idan aka hana biyu su yi maƙwabtaka fa?" Kowane sharaɗi da tasa amsar. A kan waɗannan tambayoyi kika ƙarar da ƙuruciyarki da tsufanki. Maigidanki, wanda duk muke kira Baba, yakan ce mana, "Kada ku bar takarda mai amfani a gidan nan. Kafin ku juyo ta kamu da ƙyanda."

Abin da ba zan manta ba ya faru ina shekara ta biyu a digirin ƙarshe a hannunki. Akwai ƙa'idar da kika wallafa shekara goma kafin nan, wadda da ita aka san ki, da ita kuma aka yi miki ƙarin girma. Ina gwaji sai na ci karo da wani zane mai ɗigo goma sha ɗaya. Bisa ƙa'idarki masu gadi huɗu sun ishe shi, amma ya ƙi yarda da ƙasa da biyar. Mako uku takardar na cikin jakata. Abokina ya ce in yaga ta, wai ba a faɗa da mai riƙe da wuƙa da nama.

Daga ƙarshe na kawo miki ita. Kika gyara tabarau, kika ɗauki fensir, kika bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya har kusan awa guda, shayinki ya huce a gefe. Sannan kika ɗago kika ce, "Yaushe ka gano wannan?" Na faɗa miki. Kika ce, "Kuskurena bai ɓata mini rai ba. Mako ukun da ka yi kana tsorona shi ya ɓata mini rai."

A taron masana na wannan shekarar, gaban mutum fiye da ɗari, kika tsaya kika ce ƙa'idarki ta karye, ga kuma wanda ya karya ta. Kika sa na miƙe. Wata huɗu muka yi muna neman sharaɗin da ya ɓace, da muka same shi kika sa sunana a gaban naki. Wasu abokan aikinki sun ce kin zubar da girmanki. Ke kuwa kika ci gaba da aikinki.

Ba a lissafi kawai alherinki ya tsaya ba. Lokacin da matata ta sha wuya wajen haihuwar 'yarmu ta fari, ke kika ɗauke mini azuzuwana har mako biyar, ƙafarki na ciwo, kina hawa bene na uku da sanda.

Kwana shida kafin rasuwarki na je duba ki a asibiti. Numfashi na yi miki wuya, amma kika sa aka ciro manyan ambulan uku daga ƙarƙashin gado: aikin ɗalibanki uku da ba su kammala ba, kowane shafi da jan bironki. Kika ce, "Ɗalibar da aikinta ke tsakiyar nan tana da kunya. Ka riƙa tambayarta, don ba za ta fara magana ba." Na karɓe su, Malama. Jiya na zauna da ita, na tambaye ta, ta yi magana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanki huɗu, da jikokinki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki wata bakwai ba ta gaji ba. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ilimin da ta bari ya zame mata sadaka mai gudana. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.